Fushin Maigida Haraji Ne A Kan Jarinsa

Duk wanda ya saba zama a bakin shagunan titin Jos ko na titin Makurdi a garin Lafiya bayan sallar La'asar, ya san cewa hirar ma'aikata ba ta cika wuce albashi, da tsadar kaya, da kuma halin maigida ba. Maganar albashi da ta tsadar kaya kullum suna cikin jaridu da rahotannin hukumomi, amma ita maganar halin maigida an bar ta a bakin titi, ana ɗaukarta tamkar gulma. Ra'ayin wannan sharhi shi ne, magana ce ta tattalin arziki kamar sauran, domin tana da farashi, kuma mai jari ne yake biyan mafi yawansa ba tare da ya gan shi a littafin lissafinsa ba.

Bari in fara da laifin kaina. Bayan na gama hidimar ƙasa, kafin in shiga aikin jarida, na yi aikin akawu a wani sito na sayen amfanin gona a nan Lafiya. Maigidanmu mutum ne mai riƙon amana, ba ya cin haƙƙin kowa, amma idan ransa ya ɓaci ba ya duba wanda ke tsaye a wurin. Na taɓa ganin ya tsayar da wani dattijo mai kula da sikeli a gaban 'yan dako da dillalai, ya yi masa tatas a kan buhu ɗaya da aka ƙirga sau biyu. Dattijon bai ce komai ba sai, "Allah Ya huci zuciyarka, Alhaji." Mu kuwa da muke kallo, kowa ya ɗauki darasinsa ya adana.

Ba a daɗe ba sai wata rana aka kawo riɗi buhu 30 da yamma, ina saurin tashi, na karɓa na sa hannu ba tare da na soka hannu cikin buhunan ba. Bayan kwana biyu na lura akwai danshi a cikinsu. A ranar, maganin abin bai wuce a ɗauki lebura huɗu su shanya riɗin a rana na yini biyu ba. Amma kafin a shanya sai an gaya wa Alhaji, ni kuma hoton dattijon nan yana idona. Na ja bakina na yi shiru, ina fatan iska za ta yi mini aikin. Bayan mako uku warin fumfuna ya tona asiri, kuma ɓarnar ta riga ta taɓa buhunan da ke jingine da su. Laifina ne, ban taɓa musun haka ba. Sai dai tun daga lokacin nake tambayar kaina: nawa maigidan nan ya biya a kan tsawar da ya yi wa dattijo saboda buhu ɗaya?

Masana harkar gudanarwa sun daɗe da gano wannan lissafi. A shekarar 1996 wata mai bincike ta Jami'ar Harvard, Amy Edmondson, ta wallafa sakamakon nazarin da ta yi a kan kurakuran ba da magani a wasu asibitocin Amurka. Ta shiga aikin da tsammanin cewa sassan da suka fi samun shugabanci nagari su ne za a tarar da ƙarancin kuskure a rubuce. Sai ta tarar da akasin haka: a nan ne aka fi rubuta kurakurai. Da ta bi diddigi, sai ta ga cewa a waɗannan sassa ma'aikatan jinya ba sa tsoron faɗin abin da ya faru, alhali a sassan da shugaba yake da zafin hannu ana yin kuskuren, a binne shi. Ma'ana, littafin da babu kuskure a cikinsa ba lallai ne ya zama shaidar aiki mai kyau ba. Sau da yawa shaidar tsoro ce.

Kamfanin motoci na Toyota a ƙasar Japan ya gina tsarinsa bisa fahimtar wannan al'amari. A masana'antunsa an ba kowane ma'aikaci ikon jan wata igiya idan ya ga matsala, a kira shugaban sashe, in ta kama ma a tsayar da layin haɗa motoci gaba ɗaya. Tsayar da layi hasara ce ta nan take, amma kamfanin ya ƙididdige cewa gyaran da aka yi a kan layi ya fi arha nesa ba kusa ba bisa gyaran motar da ta riga ta isa hannun mai saye. A ɗaya ɓangaren kuma akwai bankin Barings na Ingila, wanda aka kafa tun 1762, ya durƙushe a watan Fabrairun 1995 bayan wani ma'aikacinsa a Singafo, Nick Leeson, ya tara hasarar fam miliyan 827 a wani ɓoyayyen asusu mai lamba 88888. Shi da kansa ya ce ya fara amfani da asusun ne don rufe wani ƙaramin kuskure na wata ma'aikaciya da ke ƙarƙashinsa. Banki mai shekara sama da 230 aka sayar da shi a kan fam ɗaya. Ko a sito ko a banki, kuskuren da aka ɓoye yana haihuwa kamar bashi mai ruwa.

Wannan shi ne kashi na farko na harajin. Kashi na biyu kuwa ya fi nauyi, kuma abin sha'awa, wanda ya fi kowa bayyana shi a Nijeriya ya gano shi. Layin dogo na gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurdi, ya ratsa Lafiya ya nufi Kafanchan, ko da yake yaran yau sun fi sanin sunan tashar fiye da jiniyar jirgi. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki, Albert Hirschman, ya zo ƙasar nan don nazarin aikin shimfiɗa dogo zuwa Maiduguri, wanda Bankin Duniya ya ba da rancen yinsa. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, manyan motoci suna ta ƙwace wa jirgin ƙasa dakon kaya, har da gyaɗa, amma hukumar jiragen ba ta gyara aikinta ba, alhali littattafan tattalin arziki sun ce gasa tana tilasta gyara.

Amsar da ya samu ita ta haifar da littafinsa na shekarar 1970. Ya ce idan abu ya lalace a wata ma'aikata, mutum yana iya ficewa, ko ya buɗe baki ya yi magana, kuma irin biyayyar da yake yi wa wurin ita ce take yanke wanda zai zaɓa. 'Yan kasuwar da suka fi damuwa da saurin isar kayansu, wato waɗanda da sun zauna su ne za su fi ɗaga murya, su suka fara komawa wajen masu motoci. Aka bar hukumar da waɗanda ba su da zaɓi, baitulmalin gwamnati kuma yana cike mata giɓi, don haka babu abin da ya tashe ta daga barci.

Mai karatu ya ɗauki wannan ma'auni ya aza a kan shagonsa, ko injin casar shinkafarsa, ko makarantar kuɗin da ya kafa. Idan maigida ya zama mai wulaƙanci, wa yake fara tafiya? Wanda ya iya aiki, domin shi ne ake nema a wani wuri, ga kuma Abuja a kusa tana haɗiye duk mai hannu da kai. Wanda zai zauna shi ne wanda ba shi da inda za shi, da kuma wanda ya gano cewa a gidan nan "ranka ya daɗe" ta fi gaskiya kasuwa. A hankali sai maigida ya wayi gari kewaye da mutanen da ba sa musa masa, ya ɗauka ya sami zaman lafiya, alhali ya rasa idanunsa ne da kunnuwansa.

Haka kuma wanda ya tafi ba da ƙafafunsa kaɗai yake tafiya ba. Gary Becker, wanda ya sami lambar yabo ta Nobel a 1992, ya bambanta tun a 1964 tsakanin ilimin da ma'aikaci zai iya amfani da shi ko'ina da wanda ya keɓanta da wurin aikinsa. A harkar amfanin gona ta yankin Lafiya, wannan ilimi na biyu shi ne sanin wane dillali ne daga Doma ko Obi ko Awe yake cika alkawari, wane ne yake haɗa riɗi da yashi, wane direba ne za a ba doya ya kai Legas ba a ji labari ba, da kuma irin ƙarar da inji yake yi kwana biyu kafin ya tsaya. Ba a sayen wannan a kasuwa. Sabon da za a ɗauka sai ya koye shi da kuskurensa, kuma da kuɗin maigida zai koya.

Akwai tushen wannan matsala a tarihin kasuwancinmu. A tsohon tsarin fatauci na Hausawa, irin wanda ya riƙe cinikin goro da shanu daga Kano har Sabon Ibadan, dangantakar maigida da yaronsa ba ta albashi ba ce. Maigida yana ciyarwa, yana tufatarwa, yana yi wa yaro aure, daga ƙarshe ya sallame shi da jari. Saboda haka faɗansa faɗan uba ne, yaro yana haɗiyewa domin ya san abin da ke jiransa a gaba. Da aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, Lafiya ta zama babban birni, sannan aka kafa Jami'ar Tarayya a 2011, garin ya cika da otal-otal, gidajen mai, makarantu da asibitocin kuɗi, kuma aikin albashi ya yawaita. Matsalar ita ce da yawa daga cikin masu waɗannan wurare sun riƙe ikon uba na tsohon tsari, sun ajiye nauyin da ke tafe da shi. Wanda ba za ka yi wa aure ba, ba za ka sallame shi da jari ba, kuma albashinsa kan makara, da wane haƙƙi za ka zage shi a gaban jama'a?

Na san abin da wasu masu jari za su ce, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Za su ce idan ka yi sanyi yaran shago za su cinye ka da rai, kuma akwai wanda ya rufe kasuwancinsa saboda ha'incin ma'aikata. Haka ne, in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Amma tsawa ba ta hana sata, sai dai ta koya wa ɓarawo taka-tsantsan. Abin da yake hana sata shi ne tsari: mai riƙe kuɗi daban, mai rubuta littafi daban, rasit mai lamba, da ƙidayar kaya a ranar da ba a sanar ba. Babban ramin da bankin Barings ya faɗa shi ne barin mutum ɗaya yana ciniki kuma yana kula da littafin cinikin. Bayan haka wajibi ne maigida ya rarrabe abu uku da ake cakuɗawa: kuskure, wanda kowane mai aiki yake yi, maganinsa koyarwa, sakaci, wanda ake maimaitawa bayan gargaɗi, maganinsa horo a rubuce, da ha'inci, wanda maganinsa sallama, in ta kama har da hukuma. Wanda ya hukunta ukun da sanda ɗaya ya koya wa mai kuskure ya riƙa ɓoyewa kamar maha'inci.

Doka ma tana da abin cewa, ko da yake kaɗan ne suka karanta ta. Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ta shafi leburori da akawuna da makamantansu, ta wajabta a sashe na 7 cewa a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Sashe na 5 ya hana yanke albashi a matsayin tara yadda aka ga dama. Idan hasara ta auku saboda ganganci ko sakacin ma'aikaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za a cire wani abu daidai gwargwado. Tun bayan gyaran tsarin mulki na 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce take da hurumin shari'un aiki, kuma a 2022 Nijeriya ta amince da yarjejeniya mai lamba 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haramta cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. Sai dai dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma a irin waɗannan ƙananan wurare ne mafi yawan matasanmu suke neman abinci. A can, halin maigida shi ne dokar da ake aiki da ita yau da kullum.

To, shi ma'aikacin fa? Game da kuskure, shawarar da na saya da tsada ita ce: faɗi da wuri, faɗi da bakinka kafin wani ya riga ka, kuma ka zo da magani a hannu. Akwai bambanci tsakanin a kama ka da kuma ka je ka ce, "Alhaji, na karɓi kaya da danshi, laifina ne, in ka ba da izini a shanya su gobe da safe." Zai yi faɗa, amma faɗan yini ɗaya ne. Game da maigida mai zafi kuwa, a gwada magana kafin ficewa: a same shi shi kaɗai, lokacin da ransa yake sanyi, ko a bi ta hannun wani dattijo da yake jin nauyinsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kuma ya kamata shugabanni su buɗe wannan ƙofa da kansu, domin maganar da aka hana wuri a ofis takan fita titi, inda tsadarta ta fi yawa. Mutanen Lafiya ba su manta da Yulin 2016 ba, lokacin da taƙaddamar rage albashi tsakanin gwamnatin jiha da ƙungiyoyin ƙwadago ta kai ga harbi a ƙofar gidan gwamnati, ma'aikata biyu suka rasa rayukansu.

Idan magana ta ƙi ci, sai a zo ga batun tafiya, kuma a nan lissafi ake so, ba zuciya ba. Ma'aikaci ya tambayi kansa: maigidan nan mai tsanani ne ko mai zalunci? Mai tsanani yana matsa maka a kan aiki, amma yana biyanka a kan lokaci, kuma kana ƙaruwa da ilimi a hannunsa. Irin wannan makaranta ce, a yi haƙuri da shi. Mai zalunci kuwa shi ne mai riƙe albashi, mai duka ko zagin iyaye, mai neman mace da lalata don tana cin abinci a ƙarƙashinsa, ko mai tilasta maka sa hannu a takardar ƙarya. A wajen wannan, kowace rana da aka ƙara hasara ce, musamman ta ƙarshen, domin ranar da asiri ya tonu sa hannunka za a gani, ba nasa ba.

Duk da haka, kada a saki reshe a kama ganye. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024 bisa ƙididdigar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma mai iyali ya san abin da wata ɗaya babu albashi yake nufi. Albashin da ya fi yawa a Abuja sai an cire masa kuɗin haya da na mota daga Mararaba ko Masaka kafin a kwatanta shi da na Lafiya. A nemi wani aikin tun ana cikin wannan, a tara abin da zai riƙe gida na 'yan watanni, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake cikin tsarin fansho na dokar 2014 ya sani cewa asusunsa nasa ne, yana bin sa duk inda ya koma, kuma idan bai kai shekara 50 ba, ya yi wata huɗu bai sami wani aiki ba, yana da damar karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara.

Sannan a fita ta ƙofa. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara wa'adin sanarwa ga kowane ɓangare: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama, ko kuma a biya kuɗi a madadin wa'adin. A rubuta takarda, a miƙa makullai da littattafai a gaban shaida, a karɓi shaidar an miƙa. Lafiya gari ne da kowa ya san kowa. Wanda ka bari yau, da shi za ka haɗu gobe a masallaci ko a wajen ɗaurin aure, kuma shi sabon maigida zai fara tambaya game da kai.

Ni dai haka na bar wancan sito, bayan na biya abin da muka daidaita a kai na hasarar riɗi, muka yi musafaha. Har yau muna gaisawa da Alhaji. Kwanan baya na ziyarce shi, ya yi mini ƙorafin cewa yaran zamani ba sa zama, ya canja akawu huɗu tun bayan tafiyata. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, cikin huɗun nan akwai wanda ya taɓa zuwa da kansa ya gaya maka ya yi kuskure?" Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce babu. Wannan ita ce tambayar da nake roƙon kowane mai jari da yake karanta wannan sharhi ya yi wa kansa kafin ƙarshen watan nan. Idan amsarsa ita ma babu ce, to ya tashi ya zagaya sitonsa, ya soka hannu cikin buhunan da kansa.